Giginyun Inna a Cikin Ordinater

Har gobe in dangi suka taru a gidanmu, ba a rasa mai bakin da zai ce wai hotona ne ya cinye giginyun Inna. Wasu su yi dariya, wasu su ce a bar tuna baya. Ni ba na dariya, kuma ban yarda ba. Na san hannun da ya ɗauki hoton nan ya kai shi inda ya kai shi, kowa a gidan ma ya sani. Sai dai ni ne auta, kuma a gidanmu in kaya ya rasa mai ɗauka, kan auta ake nema.

Lokacin ina aiki a biron wani transiter, wato ofishin mai fitar wa 'yan kasuwa kaya, kusa da duwan, gidan kwastan na nan Gaya, ina buga takardun kamiyoyi, manyan motocin kaya da ke tasowa daga Kwatano. Aiki ne na zama da jira. Na sayi wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa, wadda wani can ƙetare ya gama morar ta ya yar. Wani abokin aikina ya zuba mini wani lojisiyel, wato manhaja, na kyauta a kile, ɗan filashin nan na ajiya, ya ce da shi ake gina duwatsu da koguna a hoto. Na ɗauka cika baki ne irin nasa. Da na kai gida na buɗe, sai na tarar da fili fari fat, babu komai a cikinsa, da maɓallai birjik waɗanda ban san kan ko ɗaya ba.

A hankali na koya, ta kallon bidiyo a waya da ɓata abu a sake. Za ka fara da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar tabarma. Ka ja nan ta zama tudu, ka danna can ta zama kwari, ka zuba ruwa, ka yayyafa ciyawa. Sannan ka gaya wa injin inda rana take, ko hantsi kake so ko la'asar sakaliya. Duk wannan kwarangwal ne kawai, toka-toka, babu kyau. Sai ka danna maɓalli ɗaya, injin ya shiga lissafin haske, yana fito da hoton gutsure-gutsure daga kusurwa guda. A nan ake sanin mai haƙuri. Tawa ordinater in ta kama wannan aiki sai ta yi ta huci kamar za ta tashi sama. Nakan ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, in juya mata bantilater, fankar ɗakina, ni kuma in zauna gefe ina zufa. Batirinta ya daɗe da mutuwa. In aka ɗauke wuta hoto ya kai rabi, shi ke nan, sai a koma farko. Na zagi kamfanin wuta zagin da ko kare ba zai ci ba.

Da fari duwatsu masu ƙanƙara na yi ta yi, irin na cikin bidiyon da nake koyo da su. Wata rana na tsaya ina kallon wani da na gama, sai kunya ta kama ni. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake sa wa a lemu, ina ni ina wannan? Daga nan na koma ga abin da idona ya sani. Na yi kogi da jan tudun da ke bayansa, na yi fadamar shinkafa da safe. Mutum da dabba ban taɓa sa wa ba. Liman na unguwarmu ya ce mini itace da ruwa babu laifi, mai rai ne ake gudu, ni kuwa dama ban iya yin mutum ba, sai fatawar ta yi mini daidai.

Abin da raina yake so tun farko shi ne gonarmu ta hanyar ƙauyen Bengu. Gandu ne na kakanmu, ba a raba shi ba. Bayan rasuwar babanmu, mai faɗa a ji a kansa shi ne ƙanensa, Baffa, wanda ya tafi Kwatano tun yana saurayi ya yi zamansa can. Hatsin gonar ba wani abin a zo a gani ba ne. Darajarta giginyu ne, waɗanda babanmu ya tsare tun suna ƙanana, ya hana awaki, ya hana masu yankan kari, wato ganyensu, har suka miƙe suka yi ciki a tsakiya. Giginya akwai mace akwai namiji, kuma ba a gane su sai sun girma. Namiji ba ya 'ya'ya, amfaninsa a sare shi a tsaga azarar rufin ɗaki. Namu kuwa kusan duka mata ne. In 'ya'yan suka nuna, tun daga hanya kake jin ƙamshi, kana jin suna faɗowa tim.

Gonar ta maza ce, amma abin da ya faɗo ƙasa na Inna ne. Haka aka taso aka gani, ba wanda ya taɓa tambaya. Ita ke zuwa da matan Bengu su tsince, a sha na sha, ta binne ƙodagon a rami da farkon damina. Bayan watanni ta tone, ga muruci, ta dafa a babbar tukunya, masu sari su zo har gida. Da wannan ta riƙe kanta tun da aka bar ta da mu. Ba ta taɓa miƙa hannu ta ce wa ɗanta ba ni na sabulu ko na goro ba. In ana biki ko suna a dangi, da gudummawarta take zuwa, kanta a sama. Wanda bai san Inna ba zai ce ai muruci ne kawai. Mu mun san shi ne ya sa ba a raina ta.

Giginya ta ba ni wuya fiye da duk abin da na taɓa yi. Ganyenta kamar mafici ne, kowane da naɗe-naɗensa, kuma busassun suna rataye a ƙasan ɗanyun. Na je gonar da moto, wato babur, sau da yawa, na ɗauki hotuna da waya, na dawo na yi ta fama har na samu guda ɗaya da ta yi kama. Sauran kuwa dabara ce da kowane mai wannan aiki ya sani. Itace ɗaya kake yi, ka kwafe shi ka dasa ko'ina, ka ƙara wa wannan tsawo, ka karkata wancan, ido ya ɗauka daban-daban ne. Da na zo kan 'ya'yan, na yi nono guda mai kyau, ja-ja ruwan goro, na rataya wa kowace. Ina dannawa, injin ya sandare. Na rage su, ya sandare. Na rage musu santsi har suka koma kamar curin ƙasa, ya ɗan yi tafiya ya mutu. Tsohuwar ordinater ba ta da ƙarfin ɗaukar su. Sai na cire 'ya'yan duka, na ce in Allah ya hore mini sabon inji na mayar.

Ko a haka hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Na sa hasken la'asar, inuwoyi sun miƙe dogo-dogo a kan kunyoyi, ga tsohuwar rijiya can gefe da gungumen da ake ɗora guga. Wanda bai sani ba zai rantse da waya aka ɗauka. Na ɗauki ordinater na kai wa Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ta leƙa, ta ce, "To, madalla. Amma ga su can tsaye inda ubanku ya bar su, mi zan yi da na cikin gilashi?" Ta ci gaba da tsintarta. Na ji haushi a lokacin, na kwashe kayana na koma ɗaki.

Yanzu sai zancen Yaya. Shi ne ɗan farin Inna, ya girme ni nesa ba kusa ba, direba ne mai kamiyon kansa. Tun ina lakkwal, makarantar boko, yake kirana malamin takarda, da na fara wannan aiki kuma ya koma ce mini manomin gilashi. In ya wuce ƙofar ɗakina ya ji injin na huci sai ya ce, "Yaya damina? Hatsi ya yi kai?" Yaransa su kwashe da dariya. Tsakaninsa da Inna kuwa akwai kunyar ɗan fari, kuma irin ta mutanen da, ba wadda ake yi yanzu sama-sama ba. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan. In wani yaro a unguwa sunansu ɗaya, shi ma sai ta laƙaba masa wani. In ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon bango. Ba ta yabonsa, ba ta kushe shi, ba ta shiga zancen da yake ciki. Muna yara abin dariya yake ba mu, mukan yi ta jan bakinta ko za ta yi suɓul da baka, ba ta taɓa yi ba.

Sai aka rufe gadar kan iyaka, wadda kamiyoyin Kwatano ke bi su shigo garinmu. Duk mutumin Gaya ya san abin da wannan ya yi wa garin. Kamiyoyi suka jeru suna tsatsa, biron da nake aiki ya sa kwaɗo, masu tuwo-tuwo na bakin duwan suka kwashe tukwanensu. Kamiyon Yaya ya tsaya a ƙofar gida har ciyawa ta fito ƙarƙashinsa. Ba zan ɓoye ba, yana cikin matsi, ga iyali, ga mutanen da suka saba ci a hannunsa. Mutumin da bai saba zama ba ya koma yini a kan benci yana faɗa da kowa.

Wata ranar da azahar ya ɗaga labulen ɗakina ya shigo, abin da bai taɓa yi ba. Hoton gonar na kan ekran, gilashin ordinater. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ya matso, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Wagga gonarmu ce," in ji shi.

Na ce ita ce.

"Kai ka yi ta? Da hannunka?"

Na ce ni na yi.

"To ina ɗiyan? Ko guda ban gani ba."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, yadda injin ya kasa, yadda na cire su, yadda duk itatuwan nan asalinsu guda ɗaya ne na kwafa. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce mini bai sani ba. Ya sani sarai, a kunnensa na zuba masa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe dai kana da kai. Turo mini shi a waya, in riƙa nuna ma mutane aikin ƙanena." Tun da nake bai taɓa yaba mini a kan komai ba. Kaina ya kumbura, na tura masa nan take, har da zaɓar wanda ya fi fitowa tas. Wane ƙane ne yayansa zai ce turo mini hoto ya ce a'a?

Aka kwana biyu ban sake jin zancen ba. Da Babbar Salla Baffa ya zo gida, ya ƙetaro kogi a jirgin kwale-kwale tunda gada ba ta biyuwa. Ya tsufa, ya yi jiki, yana dogara sanda. Washegarin salla bayan la'asar ya ce a taru a rumfar tsakar gida, akwai magana. Maza muka zauna a tabarma, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta daga gefe, inda mata ke zama su ji ba tare da an ce suna wurin ba. Ni na ɗauka zancen auren wata 'yar'uwarmu ne.

Baffa ya laluba aljihu ya ciro waya, ya miƙa ta nesa da idonsa yana latsawa, sannan ya juyo mana da ita. Hotona ne. Hasken la'asar ɗina, rijiyata, giginyata guda da na kwafa.

"Ga hoton gona da babbanku ya aiko mini," ya ce. "Ni sanda na bar gida iccen nan ba su kai tsawon ɗaki ba, ba a san mace ba, ba a san namiji ba. Ashe duk maza ne. Allah ya jiƙan yayana, ya sha wahalar banza. Ku duba hwa, ko ɗa guda babu."

Yaya ya gyara zama ya ce masu 'ya'yan 'yan kaɗan ne, su ma sun tsufa sun daina. Ya ce inuwarsu ta hana hatsi, saiwarsu ta shanye ƙasa. Abin da ya fi shi ne a sare, a sayar da azara, a sa motopom, injin ban ruwa, a rijiya a yi noman rani kamar yadda kowa ke yi, kowa ya samu. Yana maganar nan ko ƙifta ido bai yi ba, bai kuma kalli inda nake ba.

A irin wannan zama auta ba ya magana sai an tambaye shi, na sani, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Baffa, wanga ba hoton gona ba ne. Ni na yi shi cikin ordinater. Ni na cire ɗiyan don inji ya kasa ɗauka, kuma Yaya ya sani, na gaya mishi. Iccen nan mata ne, suna nan dam da ɗiya." Na ciro wayata, na buɗe hotunan gaskiya da na ɗauka a gonar, ga 'ya'ya nono-nono, na miƙa masa.

Kafin Baffa ya karɓa, Yaya ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Baffa, kun dai ji da bakinai. Ya ce shina iya cire ɗiya daga icce da inji. To wanda ke iya cirewa, liƙawa za ta gagare shi? Yaron ga yini yake cikin ɗaki shina ƙera abin da babu. Wane za mu kama, na jiya ko na yau?"

Wannan maganar ita ta gama da ni. Duk shekarun da na yi ina koyon abin nan, ashe makami nake wasa wa wanda zai yanka ni. Na ce to a tashi yanzu a je a gani da ido, ga moto, ba nisa. Baffa ya ce gwiwarsa ba ta ɗaukar moto, hanya kuma ta jiƙe, gobe da sassafe zai koma. Bai ko kalli wayata ba. Ya ce, "Mai da abin nan aljihu. Ni yanzu ba icce ya dame ni ba. Kai, gaban idona kake ƙaryata yayanka? Wanda ya riƙe gidan ga tun da ubanku ya kau? Wagga tarbiyya ce lakkwal ta ba ka?"

Daga nan zancen giginya ya mutu, aka koma zancena. Wannan ya ce yaran yanzu ba su da ta ido, wancan ya ce dama duk mai yini da inji sai ya raina mutane. Ni kuwa ido na ke ta kaiwa bakin ƙofar Inna. Mutum guda ne a duniya da in ya yi magana a kan itatuwan nan ba mai musu, kuma ga ta nan zaune, tana ji.

Baffa ma ya san haka. Ko don ya wanke kansa ne, ko don ya san abin da zai biyo baya, Allah masani. Ya juya ya ce, "Innarsu, ke ke zuwa wurin. Abin da babbansu ya faɗi, haka ne ko ba haka ba?"

Na ga ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya kai wajen bango, irin juyawar da take yi in ya zo gaisuwa. Sannan ta ce, a hankali, "Ni mi zan ce cikin zancen wancan? Abin da kunka gani, ku yi."

Baffa ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Saura guda, in tashi in ba yayana haƙuri. Na ƙi motsi. Sai na ji muryar Inna daga bayana, wannan karon da ƙarfi, don ni ba ta jin kunyata: "Auta, tashi." Na tashi. Na je gaban mutumin da ya yi ƙarya da aikin hannuna, na durƙusa, na ce ya yi haƙuri na yi kuskure. Ya dafa kaina ya ce ba komai, yaro ne. Aka shafa fatiha, aka kawo soyayyen naman salla, kowa ya ci har da shi.

Da aka watse na bi Inna ɗaki. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na ce kalma ɗaya ce kawai, ki ce mata ne, shi ke nan. Na ce naki ne fa za a sare, ba nawa ba. Tana zaune bakin gado tana murza bakin zanenta, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Tun da na haihe shi ban taɓa kama sunanai don alheri ba. Sai yau, gaban ƙanen ubanai, in buɗe baki karo na farko in ce maƙaryaci ne? Da wane baki?" Na ce to da me za ki riƙa ci? Ta ce in fita in ba ta wuri, za ta yi salla.

Na daɗe ina jin haushinta, kuma har yanzu bai gama fita ba. Amma wanda na fi jin zafinsa shi ne Yaya, don ya san ba za ta yi magana ba. Da wannan ya yi lissafinsa tun daga farko. Ya san kunyar da take yi masa girmamawa ce, ita ce kaɗai hanyar da aka bar mata ta nuna shi ɗanta ne na musamman, sai ya ɗauke ta ya ɗaure mata baki da ita. Hotona ƙaramin abu ne a cikin shirin. Da babu shi, da ya nemo wani abin.

Bayan kaka masu sara suka shiga. Zancen izinin sara daga hukuma Yaya ya ce ya san hanyarsa, ni ban tambaya ba. Ban yi niyyar zuwa ba, amma ƙafata ta kai ni. Tun daga nesa nake jin kukan injin sara. Giginya ba ta faɗuwa kamar sauran itatuwa, sai ta yi jim a tsaye kamar ba a yanke ta ba, sannan ta tafi gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza. Wasu da ɗanyun 'ya'ya a kansu suka faɗi, suka tarwatse cikin kunyoyi, matan Bengu suna tsaye daga gefen gona da kwanduna. Mai sayen azarar ya yi ta ƙorafi wai mata ne, cikinsu taushi, bayan kawai zai mora. A gaban Yaya ya faɗa, Yaya ya ce a dai yi haƙuri a daidaita. Motopom ɗin da aka yi alkawari ya zo, ya yi rani ɗaya, rijiyar ta kasa, yanzu yana zaure an rufe shi da buhu.

Inna ba ta je ba, ba ta kuma tambaye ni abin da na gani ba. Ta tone murucinta na ƙarshe, ta dafa, ta raba wa maƙwabta, ba ta sayar da ko ɗaya ba. Babbar tukunyar ta kife ta bayan ɗaki. Masu sari suka zo suka koma, suka daina zuwa. Ranar da na fara jin ta kira jikarta ta ce, "Je ki ce ma wancan sabulu ya ƙare," sai na tashi na bar gidan, na yi ta yawo a bakin kogi har magariba. Ordinater kuwa na rufe ta na tura ƙarƙashin gado. Mutane suna cewa in koma, wai ina da baiwa. Ni in na tuna hucinta ma raina ɓaci yake.

Yaya ba ya son a ce ya ci shi kaɗai, yana son a yabe shi. Cikin azarar da aka tsaga ya ware masu kyau, ya sa aka rushe tsohon ɗakin Inna da ke yoyo, aka gina mata sabo, mai faɗi, da taga biyu da daɓen siminti. Aka jera azarar a sama, baƙaƙe, miƙaƙƙu, ya hana a rufe su don a ga kyansu. Ranar da ta tare, unguwa ta cika gidan. Mata suna ɗaga kai suna cewa kai, Allah ya ba mu ɗa irin wannan. Aka ɗauki hoto aka tura wa Baffa, ya aiko da murya yana sa albarka. Inna tana zaune a sabon gado tana amsa barka, tana cewa madalla, madalla.

Ba a daɗe ba na lura ta koma shimfiɗa tabarmarta a rumfa, da rana can take kishingiɗa, ko da ana zafi ko ana yayyafi. Matar Yaya ta fara gunaguni wai an yi wa tsohuwa ɗaki ta raina. Wata safiya da Yaya ya fita, Inna ta kira ni. Ta ce in na shiga kasuwa in samo mata buhunan shinkafa waɗanda babu komai ciki, masu yawa, da ƙananan ƙusoshi. Na ce na me? Ta ce in farke su in buga mata a sama, daga bango zuwa bango.

Na ce, "Inna, rufin bai yoyo."

Ta ce, "Na sani. In na kwanta, su nake gani."

Na samo buhunan, muka farke su tare. Na jawo turmi na kife na hau. Bayan giginya tauri gare shi, ƙusa sai ta lanƙwashe, in cire in sake. Tana tsaye a ƙasa da ƙusoshin a tafin hannunta, tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga kai ba har muka gama.